Ranar da Aka Ce Yara Sun Cika

Ku ɗin nan da ake turo mana koyon aikin koyarwa, duk ranar da hedimasta ya tambaye ku ajin da kuke so, sai in ga kuna ture juna a kan aji ɗaya. Na san lissafinku. Kun ɗauka waƙa ce da tafi, a yi a-ba-ca-da a tashi. Shekaranjiya ma ina ji wani cikinku ya ce wa abokinsa, "Aji ɗaya ai hutu ne." Na dube shi yadda ake duban ragon da ke tsalle ranar jajibirin layya. Ku kalli kaina da kyau. Wannan sanƙon ba gado ba ne, mahaifina ya koma ga Allah da sumarsa cif. Aji ɗaya ne ya cinye tawa, kuma rabinta a yini guda ta zube. Labarin yinin nan zan ba ku, amma sai kun fara sanin aikin.

Ni mutumin Kankara ne. Na shiga koyarwa a shekarun da kuɗin mai ya yi wa ƙasar nan ambaliya, lokacin da ko jaki ne, in ya iya dangwala hannu, sai a ba shi kwangila. Gwamnati ta ce ilimi kyauta ne, kowane yaro sai ya shiga. Makarantu suka tsiro kamar tafasa da damina, malamai kuwa babu. Aka tattaro mu muna samari aka yi mana horon gaggawa, irin gashin masara a wutar kara, waje ya ƙone ciki ɗanye. Daga nan aka tura ni wani ƙauye a ƙasar Faskari, can bayan Tafoki, ana ce masa Tudun Marke. Ɗan kwangila ya gina mana ajujuwa, ya ɗora kwano, ya buga ƙusa nan da can kamar mai rowar gishiri, ya hau sabuwar motarsa, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba.

Aikina na farko ɗaukar yara ne. Ba mai takardar haihuwa. Sai a ce yaro ya ɗora hannun dama ta saman kai ya taɓo kunnen hagu, in ya taɓo ya isa. Waɗanda aka yi wa huɗuba a gida sai hannunsu ya gajarce, ka ga ƙaton da ya kusa fara gemu yana laluben tsakar ka wai bai kai ba. Iyaye tsoro suke ji, kada boko ta raba su da 'ya'yansu, ko su dawo suna raina fartanya. Mafi taurin kai shi ne wani Alhaji Mamman, mai gida a bayan makaranta, danga ce kawai ta raba mu da rumbunansa. Duk sanda muka je neman ɗansa Sani, sai ya ce yana Sabuwa wajen kakarsa. Sai da dagaci ya yi masa jan ido, sannan Sani ya dawo daga Sabuwa kafin a sha ruwa, da ƙaiƙayin dawa a kansa. Ba mu tambaya ba.

Wanda ya koya mini aikin shi ne hedimastanmu, Malam Haruna, dattijo siriri mai magana ƙasa-ƙasa. Ranar farko na shiga aji da sabuwar tsumagiya ina taƙama. Ya karɓe ta ya miƙo mini tsumma. Ya ce, "Wannan ne makaminka, Malam Isiya. In ka ɗaga waccan a nan, har azahar kana sharar fitsari." Kayan aikina ke nan: tsumma, allon da muke baƙantawa da gawayi da ɗanyen ganye, alli, gwangwanin marfin kwalba na koyon ƙidaya, randa da moɗa, ɗan wandon ko-ta-kwana, sai wilin mota da aka rataye a jikin marke, shi ne ƙararrawa. Amma babban kayan aiki gwiwa ce. Malam Haruna ya hana ni tambayar yaro ina tsaye. Ya ce, "In kana tsaye da cinyarka yake magana, cinya kuwa ba ta da fara'a. Durƙusa." Ya kuma hana ni tambayar yaro mai tsoro kai tsaye. "Ɗan tsako ne a ƙarƙashin gado. In ka zura hannu sai ya ƙara shigewa. Zuba tsaba nesa kaɗan, ka jira."

Yaranmu daga wuri biyu suke zuwa. Na Tudun Marke Musulmi ne. A ƙetaren rafi kuma akwai Gidan Nomau, Maguzawa, manoman da in sun shiga gona ƙasa da kanta take ba da haƙuri. Babbansu shi ne Baba Nomau, sarkin noma, tsoho mai bakin ba'a. Rafin da rani yashi ne, da damina kuwa wata rana ya tsaya a gwiwa, wata rana ya haɗiye raƙumi da mai shi. Manya suna ciniki tare, suna gayya tare, amma yara sai su zo makaranta da abin da suka tsinta a bayan ɗaki. Waɗannan su ce wa waɗancan 'yan arna, waɗancan su ce wa waɗannan masu dungura goshi, kafin ka juya an fasa wa wani hanci da allo.

Maganin da Malam Haruna ya fito da shi shi ne abokin hannu. Kowane yaron tudu a haɗa shi da ɗaya na ƙetare. Wurin zama ɗaya, ɗan allo ɗaya, in ɗaya ya zaga bayan aji ɗayan ya tsaya masa. Ga kuma doka: in an tashi, ba mai tafiya gida sai ya kamo hannun abokinsa ya sa cikin nawa ya ce, "Malam, ga abokin hannuna lafiya." Ni kuma in ce, "Na karɓa." Sannan in raka na ƙetare bakin rafi. Ba mu taɓa yi musu wa'azin zaman lafiya ba. Ɗan aji ɗaya bai san zaman lafiya ba, amma ya san in abokinsa ya ɓata tuwonsa zai huce.

Sani na Alhaji Mamman aka haɗa shi da Tunau, jikan Baba Nomau, wani ɗan siririn yaro mai manyan idanu. Washegari sai ga Alhaji, babbar rigarsa na share ƙasa.

"Malam hedimasta, mi nike ji? Ɗana hannu da hannu da ɗan ƙetare, har moɗa guda?"

Malam Haruna ya ce, "Alhaji, dawar da ka ci bara da taka ta ƙare, daga hannun wa ka karɓa?"

"Wannan ciniki ne."

"To wannan ma ciniki ne. Ka ba mu shekara guda, in ka ga hasara ka dawo."

Ku sani iyaye su ne masu cinikinmu, kuma rabin aikin aji ɗaya a zaurukansu ake yin sa. Na taka gida-gida ina roƙon a ba yaro ko kokon jiya ne kafin ya fito, ina roƙon a daina dukan ɗan mitsitsi da igiyar jaki. Wata rana na haye ƙetare saboda Tunau. Yaron nan ko tasa ta faɗi sai ya zabura, in kuwa aka yi tsawa sai ya shige ƙarƙashin teburina yana kyarma. Na sami ubansa Barau a gona, jibgegen saurayi, na fara yi masa bayani. Ya sunkuyar da kai yana kankare fartanya da tsinke.

"Wane yaro ke nan, Malam?"

"Tunau mana. Ɗanka."

Ya waiga ko wani ya ji. "Ai na Baba ne. Ka ga Baba."

Ɗan fari ne. Kun san al'adar, amma ku 'yan yanzu ba ku ga yadda ake yin ta da gaske ba. Uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya tambayar inda yake, balle a gaban manyansa. Uwa ma haka. Musulmi da Bamaguje duk ɗaya suke a wannan. Tun daga ranar, maganar Tunau da Baba Nomau nake yin ta.

Muguwar shekarar ita ce ta rigimar fadama. Akwai wata 'yar fadamar rake a bakin rafi, Alhaji Mamman ya ce ta kakansa ce, Gidan Nomau suka ce kakan nasa aro aka ba shi. Magana ta kai ga gora, aka fasa wa ƙanen Alhaji kai, aka karya wa wani ɗan ƙetare hannu. Gayya ta mutu, gaisuwa ta mutu, mata suka raba mashaya. Ya zamana a duk faɗin ƙasar nan wuri ɗaya ne mutanen garuruwan biyu ke haɗa kafaɗa, wato tabarmar ajina. Malam Haruna ya kira ni gindin marke ya ce, "Bana ko farce ya karci wani yaro a hannunmu, garuruwan nan biyu sai sun ga wuta. Ka riƙe su kamar ƙwai." Na riƙe su kuwa. Yaro bai gama tuntuɓe ba ni na riga shi faɗuwa. Na kwashe duk wani dutse da ke filin makaranta har kaji suka rasa tsakuwa. In yaro ya yi atishawa sai in duba ko jini ne.

Ranar da nake ba ku labari cikin marka ne, lokacin da rumbuna suka zama fanko, gero bai nuna ba. Da hantsi hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Muna cikin waƙar ƙidaya iska ta iso, aka saki wata tsawa, sai na ga sararin sama a inda kwanon ajina yake. Rufin ya tashi ɗungurungum, ya bi iska kamar faifai. Yara suka watse ta ƙofa da taga, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ba ka ganin tafin hannunka. Malam Haruna ya tsaya cikin ruwan yana dukan wili, ni ina tsinto yara a gindin bango da cikin masara ina turawa ajin manya. Muka cunkushe a can, kowa na kuka, ni ma ban rantse ba.

Bayan azahar ruwa ya tsagaita. Yaran tudu iyayensu suka yi ta zuwa suna fizgar nasu, ba wanda ya tsaya miƙa hannu. Na kwashi na ƙetare muka nufi rafi, muka tarar ya cika ya batse, yana tafe da karan dawa da matattun kaji. Mazan Gidan Nomau suna can gefe. Ƙarfafan cikinsu suka ɗaura igiya a jikin bishiya suka hayo, suka riƙa saɓa yara a wuya suna ƙetarawa. Barau ya fi kowa zirga-zirga, ya haye da 'ya'yan mutane ya dawo ya ƙara. Baba Nomau ba ya nan, ya tafi kasuwar Faskari tun da asuba, ƙanensa ne babba a wurin. Da aka gama, tsohon ya ɗaga murya ya ce, "Kowa ya ga nashi?"

Aka amsa, "Mun gani."

Ya juyo ya ƙwala mini kira ta saman ruwa, "Malam, sun cika. Koma ka nemo rufinka."

Barau yana tsaye a wurin, ruwa na ɗiga daga jikinsa. Ya duba bai ga Tunau ba. Amma mai tambayar baffansa ne, ga kuma manya kewaye. Bakinsa bai buɗu ba. Ya ce a ransa wataƙila wani ya riga ya wuce da shi gida.

Na koma makaranta ina waƙa, wallahi har da 'yar rawa. Na leƙa ajin manya don in rufe, sai na ga Sani shi kaɗai a lungu, ba riga, ya rungume gwiwoyinsa.

"Kai Sani, ga gidanku nan, mi kake jira?"

"Ban miƙa ba."

"Ba ka miƙa mi ba?"

"Abokin hannuna."

"Ai ya haye, an tahi da shi."

Ya girgiza kai. Ku da kuke cewa hutu ne, ina so wata rana yaro ya girgiza muku kai irin wannan. Rafin nan na gani a idona, da karan dawa da kajin da yake tafe da su.

Ban gama miƙewa ba sai ga Barau a bakin ƙofa, ya sake hayowa shi kaɗai. Ya yi sallama, ya gaishe ni, ya yi mini jajen rufi, ya tambayi lafiyar hedimasta, ya ce ruwan bana sai godiya. Duk yana yi idonsa na yawo cikin ajin.

"Malam, yaran gidanmu duk sun tahi ko?"

"Wanne kake nema, Barau?"

Ya waiga bayansa. "Wanga na wajen Baba."

Kafin in amsa muka ji guɗa ta juye kuka daga ƙetare, sai ƙaho. Abin da ya faru, kakar Tunau ta zo raba tuwo ta ga ba shi. Wata 'yar ajina kuma ta ce ta ga Sani yana jan hannunsa zuwa gidansu lokacin da rufi ya tashi. Daidai nan Baba Nomau ya sauka daga kan jakinsa. Kafin la'asar mazan ƙetare sun cika bakin rafi da gora da gatari, har da kwari da baka. Na tudu ma suka fito da nasu. Malam Haruna ya ruga ya tsaya a bakin ruwa tsakaninsu, ya aiko mini cewa ruwa na janyewa, in ya sauka zuwa ƙirji ba mai iya tare su. Ana ta kira daga can, "A hito mana da yaro daga gidan Alhaji." Alhaji Mamman ya tsaya gaban jama'a ya rantse da Wanda ke busa masa numfashi ba wani yaro a gidansa. Sannan ya taho makaranta da gudu neman Sani.

Ya shigo ya finciki hannun yaron. "Kai, ina ka kai ɗan mutane? Yi magana ko in karya ka."

Sani ya rufe ido ya ƙame kamar icce. Na ce, "Alhaji, don girman Allah fita ka ba ni shi. In ka ƙara tsawa ɗaya, har gobe ba za mu ji komai ba, gobe kuwa ba gari." Ya fita yana huci, ya tsaya a gefe ɗaya na ƙofa, Barau a ɗaya gefen, ba mai duban wani.

Na durƙusa. Abin da nake so in yi shi ne in ɗaga yaron nan sama in karkaɗe shi har magana ta faɗo. Sai na jawo gwangwanin marfin kwalba na zube a gabansa, na ce ya taya ni tsincewa. Ƙahon nan na ta busawa. Ya tsinci ɗaya, ya tsinci biyu.

"Tunau ya ci wani abu kuwa yau?"

"Na ba shi ƙulina."

"Madalla. Amma ruwa na dukanshi, ko?"

"A'a. Wurin yana da hula."

"Aradu fa?"

"Ba ta shiga. Ni na taɓa kwana biyu ciki, ba ta shiga ba."

"To mi ya hana ka kawo shi ka miƙa?"

Ya jefa marfi cikin gwangwani. "Ya kasa hitowa. Kuma Baba ya ce in na gaya wa malaman boko wurin, sai ya yanke mani kunne."

Na ce, "Kada ka gaya mini. Rufe bakinka gam, ni ma ba na son ji. Riƙe hannuna kawai mu yi tafiya."

Ya riƙe. Ya ja ni muka fita ta gaban mutanen biyu, suka biyo mu. Bai nufi rafi ba, na gode wa Allah. Sai ya nufi dangar Alhaji, ya sunkuya ta wata kafa da akuya ta yi, nan take na fasa godiyar da na yi. Muka ɓulla cikin rumbuna. Ɗaya daga cikinsu ruwa ya jiƙa shi ya zauna, ya zama tulin laka da jinka a kai. Barau ya yi wani irin sauti da ban taɓa jin ɗan Adam ya yi ba, ya durƙusa zai fara tono da hannu. Sani ya saki hannuna, ya wuce tulin, ya dafa na kusa da shi. Shi ma gefensa ya tsage, ya karkata.

Alhaji ya ce, "Innalillahi." Ya gane rumbun. Shi ne Sabuwar da Sani ya je wajen kakarsa.

Tsani na kwance a ƙasa, iska ta kayar. Barau ya jingina shi a hankali, ya hau, ya ɗage jinkar, ya zura kai, sannan ya dira ciki. Abin da ya yi a ciki ban gani ba, kuma ban tambaya ba. Ya dai daɗe fiye da yadda ɗauko yaro ke buƙata. Da ya fito, Tunau na saɓe a kafaɗarsa yana mutsuttsuka ido, barci ma yake yi ɗan banza, sanye da rigar Sani a kan tasa, da guntun ƙuli a hannu. Suna sauka Barau ya ga matan gida sun leƙo. Nan take ya dire shi ƙasa ya matsa gefe, kamar ya tsinci kayan wani.

Alhaji ya riƙe kai. Yanzun nan ya rantse a gaban gari biyu, ga kuma yaro a rumbunsa. Ya ce, "Barau, wallahi ban sani ba."

"Na ga rigar ɗanka a jikinshi."

"To ka ɗauke shi ka bi ta bayan gari, ka ce a cikin dawa ka gan shi. Ka ji, Malam? Cikin dawa."

Na ce, "Alhaji, ɗan aji ɗaya randa ce mai huji. Kafin ya gama tuwon dare ya ba kakarsa labarin rumbu har da launin jinka. Sannan su ce ka ɓoye, ka kuma yi ƙarya."

Barau ya ce, yana kallon ƙasa, "Ni kuma ba ni ɗaukar shi gaban Baba. Ba ni iya maganar shi."

Suka juyo gare ni. Ku dube ni, ruwan da ya kai wa mutane ƙirji ni hulata kawai za a gani. Na ce, "Alhaji, wanda aka ce ya ɓoye shi, shi ya kamata a gani ya kai shi." Ya dubi yaron. Sannan ya tuɓe babbar riga ya miƙa wa matarsa, ya ɗora yaron a wuya.

Muka isa bakin rafi ruwa ya sauka, har samarin ƙetare sun fara shiga da goruna a sama. Da aka hango yaro a wuyan Alhaji wuri ya yi tsit, irin shirun da ba ka san abin da zai biyo baya ba. Na ga wani ya ɗana kibiya. Alhaji ya sa ƙafa cikin ruwa, sai Sani ya fashe da kuka ya riƙe masa wando.

"Ban miƙa ba, Baba. Ban miƙa ba."

Malam Haruna ya ce, a hankali kamar kullum, "Alhaji, sauke shi. Doka ce."

Aka sauke Tunau. Gari biyu da makamai suka tsaya suna kallo, Sani ya goge majina, ya kamo hannun abokinsa ya sa cikin nawa. "Malam, ga abokin hannuna lafiya." Na ce, "Na karɓa," da wata murya irin ta ɗan akuya. Sannan ni kuma na sa hannun cikin na Alhaji.

Ya shiga ruwa yana fuskantar kibiyoyi, Barau na bin sa a baya kamar ba tare suke ba. A tsakiya santsi ya kwashi Alhaji, ruwa ya kai masa haɓa, mata suka yi ihu. Barau ya cafke damtsensa, na Alhaji nake nufi, bai taɓa yaron ba, ya riƙe shi haka har suka taka gaɓar ƙetare. Baba Nomau ya karɓi jikansa, ya jujjuya shi, ya duba kai da ƙafa. Ana jin muryarsa har gefenmu.

"Kai angon kakarka, wa ya sa ka a gidan Alhaji?"

"Ni na shiga rumbu. Aradu ba ta shiga rumbun su Sani."

"Rigar ga ta wa?"

"Ta Sani. Ya ce sanyi."

Tsohon ya daɗe yana murza bakin rigar da yatsa. Sannan ya ɗago ya dubi Alhaji, wanda ke tsaye ba hula, yana kyarma.

"Alhaji, ashe rumbunka ba komi ciki sai jikana? Ai da ka yi magana, da na aiko maka da dawa."

Wani ya tuntsire da dariya a bayansa, sai ta kama ko'ina, har ta hayo gefenmu. Mai kibiya ya mayar da ita kwari. Ni ban yi dariya ba, na zauna cikin laka ne, sai da aka ɗaga ni. Da na cire hula don in matse, gashi na gani a ciki.

Rigimar fadama ba ranar ta ƙare ba, sai da ta kai gaban alƙali ta kuma daɗe. Amma ba a ƙara ɗaga gora ba. Da kaka Baba Nomau ya aiko wa Alhaji da dammunan dawa, wai a cika rumbun kada yara su ƙara samun masauki. Rufin ajina kuwa ba mu jira ɗan kwangila ba. Barau ne ya zo da azara da ciyawa, ya yini a sama yana ɗauri, ɗansa na zaune a ƙasa daidai ƙafarsa yana waƙar ƙidaya, bai dube shi ko sau ɗaya ba. Ya dai fi ninka ciyawar a daidai wurin.

Tun daga ranar, ko gobara ake yi ba na sallamar aji a dunƙule, kuma ba na yarda wani ya tsaya gaban taro ya ce kowa ya ga nasa. A cikin taron akwai wanda bai ga nasa ba, kuma ba zai faɗa ba. Hannu-hannu ake karɓa, hannu-hannu ake bayarwa. Kai mai cewa hutu ne, gobe zan ba ka ajin da tsumman, mu ga sumarka.

Bayan shekaru masu yawa, an mayar da ni Sabuwa ta gaskiya, na haɗu da Barau a kasuwa, gemunsa ya yi fari. Baba Nomau ya daɗe da rasuwa, Tunau kansa ya tara iyali. Muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi damina, ya tambayi sanƙona. Har ya juya zai tafi, sai ya dawo ya waiga hagu da dama, ya rage murya.

"Malam, yaron nan na wajen Baba yana gaishe ka."